Darasi: Yadda Za Mu Buga Taswirar Gonakinmu a Injin Ofis

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai da ke Talata Mafara da Bakura da Maradun, darasinmu na wannan fitowa a kan taswirar gona ne. A yau kusan kowace ƙungiya tana da wani saurayi ko wata budurwa da suka iya zana gonaki a kwamfuta. Inda aikin yakan tsaya shi ne wajen fitar da zanen a takarda. A kai shi ofis, injin ya ƙi karɓa. Ko ya karɓa ya yanke gefe guda. Ko kuwa ya fitar da shi tsaf, amma ya rage masa girma ba wanda ya lura, wannan kuwa ita ce ɓarnar da ta fi muni. Magatakarda ya karanta darasin a taro, sa'an nan a miƙa shi ga wanda ke riƙe da kwamfuta.

1. Me ya sa za mu damu da taswira?

Dattawanmu ba su bukatar a tuna musu. An gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, da nufin a shayar da wajen hekta 23,000. Ruwan tafkin ya tashi dubban mutane a ƙasar Maradun. A inda aka shirya noman rani kuwa, katafila ta bi gonaki ta baje su. Ɗorawa da gawo da tsamiya da layin gamba waɗanda kowa ya san iyakarsa da su, duk suka tafi. Da aka zo biyan diyya da mayar wa mutane filaye, sai gardama ta tashi a kan wane ne mai wace gona, kuma nawa ne girmanta. Manomi ba shi da takarda a hannu, sai abin da ya riƙe a ka. Rikicin diyyar ya yi ta ruruwa har ranar 28 ga Afrilu 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Ba mu ce taswira kaɗai za ta hana abin da ya faru ba. Amma mun koyi cewa iyakar da ke rataye ga itace tana iya ɓacewa rana ɗaya. Har wa yau, a shekarar 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban ruwa, Bakolori yana cikinsu, shirin kuwa ya ɗora nauyi mai yawa a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Duk inda ake raba kuɗin ruwa, ko taki, ko iri, ko rance bisa ga girman gona, ƙungiyar da ba ta san girman gonakin membobinta ba za ta cuci wani ko ba ta yi niyya ba.

2. Manhajar da za a yi zane da ita

Manhaja ita ce shirin da ake sa wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Masu safiyo da injiniyoyi suna aiki da manhajoji masu tsada irin su AutoCAD, waɗanda ake biya kowace shekara. Ƙungiya ba ta bukatarsu. Kada kuma a yarda a sa mana kwafin sata, gama sau da yawa da shi cutar kwamfuta ke shigowa.

Akwai na kyauta, halal, waɗanda masu su suka yarda kowa ya kwafa ya ba wani. LibreOffice, wadda aka fara a 2010, tana da sashen zane mai suna Draw, shi ne ya fi sauƙi ga mai koyo, da shi kuma za mu ba da misali. Akwai Inkscape ga mai son zane mai kyan gani, akwai QGIS ga wanda ya iya aiki da hoton tauraron ɗan adam. Sau ɗaya ake sauko da LibreOffice daga intanet. Daga nan sai a zuba ta a filash, ƙungiya ta ba ƙungiya, kuma tana aiki ba tare da intanet ba.

3. A shirya zanen domin takarda tun daga farko

Rabin wahalar bugu tun wajen zane ake shuka ta. Kafin a ja layi ko ɗaya, a kula da abubuwa biyar.

Na ɗaya, girman takarda. Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Amma kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su, an saita su a kan takardar Amurka mai suna Letter, wadda faɗinta 216 ne, tsawonta 279. A shiga wurin saita shafi a zaɓi A4.

Na biyu, baki. Yawancin injunan ofis ba su iya bugawa har ƙarshen takarda, sukan bar wajen milimita 4 zuwa 5. A bar santimita ɗaya fili a kowane gefe.

Na uku, ma'auni. Mafi sauƙi shi ne 1:1000, wato santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita 10 a gona. Da wannan ma'auni, hekta ɗaya mai mita 100 kowane gefe za ta zama murabba'i mai santimita 10, takardar A4 guda kuwa za ta ɗauki wajen hekta 5. In filin ya fi haka, a yi 1:2000, takarda ɗaya ta ɗauki wajen hekta 20. A cikin Draw, in an zaɓi abin da aka zana aka danna F4, akwai inda za a rubuta tsawonsa daidai, ba sai an yi ta ja da hannu ba.

Na huɗu, layin gwaji. A ƙasan zanen a ja layi mai santimita 10 cif, a rubuta a kansa mita nawa yake wakilta. A sa kibiya mai nuna arewa, da kwanan wata. Wannan layi shi ne mai gadin taswirar, za mu komo kansa.

Na biyar, launi da rubutu. Injunan ofis da yawa baƙi da fari suke bugawa, kore da ja duk su fito toka-toka. Gara a bambanta gonar shinkafa da ta masara da ta albasa da ɗige-ɗige ko layuka masu karkata, ko a sa wa kowace gona lamba. Wajen rubuta sunaye a zaɓi salon rubutu mai haruffan ɓ da ɗ da ƙ, irin su DejaVu Sans.

4. Hanyar da zane ke bi kafin ya zama takarda

Kowannenmu ya san yadda ruwa ke isowa gona. Daga tafki ya shiga babban kanal, daga nan ƙaramin kanal, sa'an nan ɗan lambatun da ke bakin gona. In ruwa bai iso ba, ba a fara zargin tafki. Ana bin hanyar ne ƙofa ƙofa har a sami inda ya toshe.

Haka bugu yake. Manhajar zane ba ta magana da firinta kai tsaye. Tana miƙa zanen ga tsarin kwamfutar, wato Windows ko makamancinsa. Shi kuma ya ba wani ɗan shiri da ake kira direba, wanda aikinsa tafinta ne: yana juya zanen zuwa yaren da wannan injin yake ji. Manyan yarukan biyu ne, PCL na kamfanin HP da PostScript na kamfanin Adobe. Daga nan saƙon ya bi waya ko Wi-Fi zuwa rauta, akwatin nan da ke haɗa na'urorin ofis, ita kuma ta kai shi ga firinta bisa ga lambar adireshinsa.

Saboda haka in an ce wai manhajar kyauta ce ba ta iya bugawa a injin ofis, galibi ba haka ba ne. In kwamfuta tana iya buga wasiƙa a injin, tana iya buga taswira. Toshewar takan kasance wajen tafinta, ko wajen adireshi.

5. Hanya mafi sauƙi: a mai da zanen PDF

Draw yana ajiye aikinsa a fayil mai ƙarewa da .odg, Inkscape kuwa .svg. Kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu mai yiwuwa ba ta da waɗannan manhajoji. In ta buɗe fayil ɗin da wata dabam, layuka su goce, haruffanmu masu lanƙwasa su koma akwatuna.

Maganin wannan shi ne PDF. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, ya kuma zama ma'aunin duniya a 2008. PDF yana riƙe girman takarda da layuka da salon rubutu yadda aka bar su, kusan kowace kwamfuta da wayar hannu kuma tana buɗe shi. A cikin Draw, ƙarƙashin File akwai umarnin fitar da zane a matsayin PDF. A riƙa ajiye biyu: na asali domin gyara, PDF domin bugu.

Wannan yana da wani amfani. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan, ba a so mutum ya taso daga ƙauye zuwa Mafara ya koma hannu wofi. A aika da PDF ta WhatsApp tun kafin a taso, a tabbata an buga, sa'an nan wani mai zuwa kasuwa ya karɓo. Amma a aika da fayil ɗin kansa. Kada a ɗauki hoton allon kwamfuta da waya, gama hoto ba ya riƙe ma'auni.

6. Haɗa kwamfutar ƙungiya da firintan ofis

In ƙungiya za ta riƙa bugu a kai a kai a ofis guda, ya fi kyau a haɗa kwamfutarta da injin. Da farko a nemi izinin mai kula da ofishin, a kuma daidaita kan kuɗin takarda da tawada. Sa'an nan a bi waɗannan matakai.

(a) A shiga sadarwar ofis ɗin, ta waya ko ta Wi-Fi. Kwamfutar da ke jan intanet daga wayar mai ita ba za ta ga firinta ba, ko da tana kusa da shi kamar haƙori da harshe.

(b) A nemi lambar adireshin firinta, wadda ake kira IP. Lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, misali 192.168.1.25. Ana ganinta a ɗan allon injin, ko a sa shi ya buga takardar bayanin kansa.

(c) A duba lambar kwamfutar. A ƙaramin ofis, lambobi uku na farko sukan zama ɗaya da na firinta. In firinta 192.168.1.25 ne, kwamfuta kuwa 192.168.0.7, to ba a gida ɗaya suke ba.

(d) A rubuta lambar firinta a inda ake rubuta adireshin shafin intanet. Yawancin injunan da ke kan sadarwa za su nuna shafinsu. In ya fito, hanya a buɗe take.

(e) A shiga wurin saita firinta a Windows a ce a ƙara sabo. In ya gano injin da kansa, to madalla. In bai gano ba, a zaɓi ƙarawa da hannu ta lambar IP, a rubuta ta.

(f) In an nemi direba, a sa na wannan samfurin daidai, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Sababbin injuna da yawa ba su bukatar wannan, gama suna jin wani yare na bai ɗaya mai suna IPP.

(g) A buga shafin gwaji kafin a taɓa taswira.

A wasu ofisoshi firinta ba ya kan sadarwa da kansa, an ɗaura shi ne ga kwamfutar akawu, ita ke raba shi ga saura. A nan dole kwamfutar akawun ta kasance a kunne.

7. A buga da girmansa na gaskiya

Ga inda ya kamata kowa ya kasa kunne, har wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Sa'ad da aka ce a buga, akwai zaɓin girma. A Adobe Acrobat Reader za a ga Fit, ma'anarsa a matse zanen ya shiga takarda, da kuma Actual size, wato girmansa na gaskiya. Sau da yawa na farkon ne a zaɓe. Ga wasiƙa wannan ba kome. Ga taswira kuwa ɓarna ce.

Mu yi lissafi. In injin ya ɗauka takardar Letter ce, zai matse tsawon 297 ya koma 279, wato kashi 94 cikin 100. Gefen gona mai mita 100, wanda ya kamata ya zama santimita 10, zai fito 9.4. Mai aunawa da rula zai ce mita 94 ne. Tsawo ya ragu, faɗi ya ragu: 94 sau 94 ya ba da murabba'in mita 8,836 maimakon 10,000. Hekta ɗaya ta koma 0.88. Manomin da ke da hekta ɗaya ya yi asarar kusan kashi 12 cikin 100 na gonarsa a takarda, alhali ba wanda ya taɓa masa kunya ko guda. In da wannan takarda aka raba taki, an rage masa. In da ita aka je sasanta iyaka, an shuka husuma tsakanin maƙwabta.

Domin haka kullum a zaɓi girman gaskiya, ko a rubuta 100 a wurin kashi. Da zarar takarda ta fito, kafin a bar ofis, a ɗora rula a kan layin gwajin nan. In santimita 10 ne cif, taswira ta yi. In ba haka ba, a yaga ta nan take, kada ta shiga hannun kowa. Gani ya kori ji.

In zanen ya fi A4, ko dai a nemi injin da ke ɗaukar A3, mai milimita 297 da 420, ko a zaɓi Poster a Acrobat Reader, wanda ke raba zanen a takardu da dama a liƙa su. Kada a matse shi.

8. In ya ƙi fita

Jiya ya buga, yau ya ƙi. Wannan yakan biyo bayan ɗaukewar wuta. Rauta ce ke raba lambobi, in ta mutu ta tashi tana iya ba firinta wata sabuwa, kwamfuta kuwa tana ta aika saƙo tsohon gida. A sake duba lambar. Magani mai ɗorewa shi ne mai kula da ofis ya tsayar wa injin lamba guda wadda ba ta canzawa, a rubuta ta a liƙa a jikinsa.

Injin yana ƙyafta fitila yana neman takarda, ga takarda kuwa cike. Letter aka aika masa, shi kuwa A4 ke cikinsa. A soke aikin, a gyara girman takarda, a sake aikawa.

Yana ta zubo takardu da baƙaƙen da ba su da ma'ana. Tafinta ne ba nasa ba. A kashe shi da sauri, a share layin ayyukan da ke jira, a sa direban da ya dace.

An danna sau biyar, shiru. A daina dannawa. Aikin farko ne ya maƙale, saura suna bayansa, ranar da ya saki kuwa duk za su fito. A buɗe layin a share su.

Rabin zane ya fito, ko ya daɗe ƙwarai. Zanen ya yi wa injin nauyi, galibi saboda hoton tauraron ɗan adam da aka shimfiɗa a ƙasa. A cire hoton, ko a zaɓi bugawa a matsayin hoto a Acrobat Reader.

Ƙananan layuka sun ɓace. Sun yi siriri da yawa. A ƙara musu kauri zuwa wajen rabin milimita.

Janareta yana shaƙewa in injin ya fara. Firinta mai garin tawada yana ɗumama wani ƙarfe a cikinsa, yakan ja wuta wat ɗari da yawa. Mai ruwan tawada kuwa kaɗan yake ci, ƙaramar sola ma tana ɗaukarsa. Sai dai bugun garin tawada ba ya zuba in ruwa ya taɓa shi, shi ya fi dacewa da takardar da za a shiga fadama da ita.

Takarda tana maƙalewa. Da damina takan sha danshi, da hunturu kuma ƙura ta cika injin. A ajiye takarda cikin leda, a rufe injin da ƙyalle in an tashi.

9. Bayan an buga

Takarda ba ta zama shaida ba sai mutane sun yarda da ita. A ɗauke ta a je gona tare da masu gonakin da maƙwabtansu da mai unguwa, a bi iyaka da ƙafa, a gwada gefe biyu ko uku da tef. In kowa ya gamsu, su sa hannu ko su dangwala a bayanta, da kwanan wata. Kada a manta da gwauraye da marayu da waɗanda suka yi gudun hijira suka bar gonakinsu. A zana nasu da sunansu, ko ba su nan.

A buga aƙalla uku: ɗaya ga magatakarda, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya a ajiye a wani gari dabam. Fayil ɗin ma a ajiye shi a wuri biyu. In za a yi hoton kwafi, a sake auna layin gwaji, gama injin kwafi shi ma yana ragewa.

A sani kuma, taswirar ƙungiya ba ta maye gurbin takardar mallaka. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya a filayen karkara, gwamna kuma ke ba da na doka. Wanda ke neman satifiket sai ya bi ta hannun hukuma da mai safiyo mai lasisi. Tamu ta amfanin yau da kullum ce, ta kuma zama abin riƙewa a hannu ranar da aka tambaye mu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da wace alama muke gane iyakokin gonakinmu a yau? In aka baje filin, me zai rage?
2. A ma'aunin 1:1000, gefen gona mai mita 65 santimita nawa ne a takarda?
3. In layin gwaji ya fito santimita 9.5, me ya faru, me kuma za a yi da takardar?
4. Wa zai riƙe fayil ɗin ƙungiya, wa kuma zai maye gurbinsa in ba ya nan?

Aikin yi kafin taro na gaba

Kowace ƙungiya ta auna gona ɗaya, ta zana ta a A4 bisa 1:1000 tare da layin gwaji, ta mai da ita PDF, ta buga. A zo taro da takardar da kuma rula.